Abincin Mai Aikin Ƙarfi: Buhu Ɗaya Da Bai Kamata Ya Je Kasuwa Ba

 

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na yau a bakin murhu za mu yi shi. Na san wani zai ce, Malam, me ya kai ka tukunya? To wani matashi ne ya kai ni.

A daminar da ta wuce, bayan sallar Isha'i, wani manomi da bai kai shekara 30 ba ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce yana son a yi masa tofi. Na ce me ke damunka? Ya ce da hantsi ya yi gwiwoyinsa sun saki, in ya sunkuya a kunya ya ɗago sai ya ga duhu-duhu, da daddare kuma jijiyar ƙafa ta ɗaure shi. Yana zargin an sa masa hannu ne, don bara waken suyarsa ya fi na maƙwabta kyau. Na ce to madalla, kafin tofi, me ka ci yau? Ya ce ɗumamen tuwon masara da safe. Da rana fa? Dafaffen rogo da yaji. Da dare? Tuwon masara miyar kuka. Jiya fa? Haka. Shekaranjiya? Haka. Nono? Ya ce tun da aka kore shanun rugar da ke bayan garinsu, sai dai labari. Na ce waken suyan da ya fi na kowa kyau fa, yana ina? Ya ce buhu 12 ya samu, kuma duk ya kai kasuwa tun kaka.

Na ce masa, ɗan uwa, ai mun gano wanda ya sa maka hannu. Kai ne.

Na yi masa addu'a, na kuma ce ya je asibiti a auna jininsa, don zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki su ma suna tsotse mutum haka. Amma maganar ta tsaya mini a rai, don ba shi kaɗai ba ne. Wannan yanki namu na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa yana cikin inda ya fi samun ruwan sama a jihar Katsina. Masara, dawa, waken suya, farin wake, gyaɗa, shinkafa, auduga, ba abin da ƙasar ba ta yi. Ka je Ɗandume ko Sheme ko Funtuwa da kaka, ka ga yadda manyan motoci ke lodi. Mafi yawan waken suyan nan masana'antu yake tafiya, a matse mai, tunkuzar a yi abincin kaji. Kazar gidan gona ta ci ta cika cikin mako 6 ko 7, shi kuwa wanda ya shuka, ya nome, ya sussuke, yana can yana jiri a kunya. Wallahi abin da ban tausayi.

Kada wani ya ɗauka ban san halin da ake ciki ba. Na san bashin taki. Na san gonakin nesa da aka bari saboda 'yan bindiga, na san gidajen da suka sayar da amfanin shekara ɗungurungum don karɓo ɗan uwansu daga daji. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan musiba. Ban ce kada a sayar ba. Buhu ɗaya nake roƙo a bari, kuma zan kawo hujja.

ITACE DABAN, YAƁE DABAN

Jikin mai aikin ƙarfi abu biyu yake nema daga abinci, kuma mu mun riƙe ɗaya mun saki ɗaya.

Na farko shi ne makamashi, kamar itacen da ake turawa a murhu. Masana suna auna shi da kalori. Namiji mai nauyin kilo 60 da ke wuni a zaune a shago, abin da ya ɗan haura kalori 2,000 ya ishe shi. In kuwa huɗa yake yi, ko dako a tasha, ko kwaɓa siminti, ko haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara, sai ya nemi 3,000 ko fiye. Wannan tuwo yana bayarwa, rogo da dankali suna bayarwa, mai kuma ya fi su duka, don cokali ɗaya na mai ya ninka cokali ɗaya na gari fiye da sau 2.

Na biyu shi ne abin gyara. Duk wanda ya zauna a gidan ƙasa ya san in damina ta wuce sai an yi yaɓe, in ba haka ba katanga ta yi ta zaizayewa har ta kwanta. Haka tsokar jiki take. Kullum ka yi aiki tana ɗan zaizayewa, da daddare kana barci ake yaɓe ta. Ƙasar wannan yaɓe ita ce furotin, abin da muke kira sinadarin gina jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa baligi yana buƙatar kamar giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum, wato wajen giram 50 ga mai kilo 60, mai aikin ƙarfi kuwa gara ya ƙara a kan haka. A giram 100 na busasshiyar masara akwai furotin kamar giram 9. Dawa da gero sun ɗan ɗara, 10 zuwa 11. Farin wake kamar 23. Gyaɗa 25. Waken suya 36 zuwa 40. Ƙuli-ƙuli, da yake an matse man, yakan haura 40. Ka ji fa, wannan ƙuli-ƙulin da muke raina wa.

Wani mai lissafi zai ce, to in na ci masara rabin kilo ai na kusa cika giram 50 ɗin. A nan gizo yake saƙa. Furotin ba abu guda ba ne, haɗi ne na ƙananan sinadarai, kuma jiki ba ya gini sai sun cika, kamar magini da aka ba ƙasa tuli ba a ba shi ruwa ba. Masara tana da ƙarancin guda biyu daga cikinsu, laisin da tiriftofan. Wake da waken suya suna da laisin a wadace, su kuma hatsi yana cike musu abin da suka gaza. Shi ya sa in hatsi da wake suka haɗu a ciki ɗaya, ginin yakan tashi kusan kamar an ci nama. Kakanninmu ba su san sunan laisin ba, amma dubi abin da suka bar mana: koko da ƙosai, shinkafa da wake, dawa da wake, kunun gyaɗa, fura da nono. Kowanne aure ne tsakanin hatsi da abin da ke cike shi. Mu ne muka raba auren, muka bar tuwon masara gwauro.

Kuma dogaro da masara zalla ya taɓa halaka mutane a wasu ƙasashe. Asalin masara daga Meziko take, kuma mutanen can suna dafa ta da ruwan farar ƙasa ta musamman, su ci da wake. Da ta bazu a duniya aka ɗauki masarar aka bar dabarar. A arewacin Italiya da kudancin ƙasar Amurka, talakawan da suka koma kusan masara kaɗai suka riƙa kamuwa da wata cuta da ake kira felagira: fatar da rana ke duka ta yi baƙi ta riƙa saɓa, ga gudawa, ga rikicewar hankali. An daɗe ana zaton annoba ce mai yaɗuwa, sai daga 1914 wani likita, Joseph Goldberger, ya nuna cewa daga abinci ne. Daga baya aka gano bitamin ɗin da ke ƙaranci, wato nayasin. Ka san abin da ke cike da nayasin a gonarka? Gyaɗa.

Ga mai son gyara tun daga iri, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya tana da irin masara mai ingantaccen furotin, Sammaz 14, wanda asalinsa Obatanpa ne na ƙasar Ghana. A tambayi malaman gona.

LISSAFIN BUHU ƊAYA

Yanzu ɗauko wayarka mu yi lissafi tare. Buhun waken suya kilo 100 ne, tiya 40 ke nan, kowace tiya kamar kilo 2 da rabi. A ce gidanka mutum 10 ne. In uwargida ta ɗebi rabin kilo kullum, tiya ɗaya za ta yi kwana 5, buhun kuma ya yi kwana 200. Fiye da wata 6 ke nan. In aka buɗe shi a watan Mayu lokacin sharar gona, zai kai ku har sabon amfani ya shigo. Rabin kilon nan yana ɗauke da furotin kamar giram 180, kowane mutum ya tashi da 18. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Wato kamar ka ba kowa a gidanka ƙwai 3 kullum, tun daga shuka har girbi. Je ka tambayi kuɗin kiret ɗin ƙwai, ka ninka shi sau 200, ka kwatanta da abin da dillali ya ba ka a buhun nan da kaka, lokacin da kowa ke sayarwa farashi ya faɗi.

Kuma lura da lokacin. Aikinmu mafi tsanani, noman farko da maimai da banƙasa, yana faɗowa ne a Yuli da Agusta, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada. Jiki yana neman ƙari, tukunya tana raguwa. In ba a yi tanadin wannan lokaci tun kaka ba, marka ba ta jiran kowa.

Ciyar da iyali wajibi ne a kan maigida, wannan duk mun sani. Abin da nake so mu sake dubawa shi ne, malamai da suka yi maganar ciyarwa sun ɗaure ta da gwargwadon hali da abin da aka saba a gari. To mutumin da Allah ya hore wa buhu 12 na waken suya, ko buhu 5 na wake, ina halinsa ya tsaya? Shi ma kansa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Wannan ne dalilin da Manzon Allah (SAW) ya kafa wa Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi lokacin da ya hana shi yin azumi kullum da tsayuwar dare gaba ɗaya. In ibada ba ta halatta a karya jiki ba, ina ga cinikin kaka?

YADDA ZA A SARRAFA SHI

Mata da yawa sun ce mini ba ƙin sa suke ba, ƙarninsa ne, kuma yana kumbura ciki. Gaskiyarsu. Ɗanyen waken suya yana da wani sinadari da ke hana ciki narkar da furotin, wuta ce kaɗai ke kashe shi. Don haka ba a cin sa ɗanye, ba a kuma niƙa ɗanye a barbaɗa wa yaro a kunu.

Hanya mafi sauƙi: a tsince, a wanke, a shanya, a soya a kasko ba mai, wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa, har ya yi ja-ja ya fara ƙamshi kamar gyaɗa. A ɓarza, a sheƙe ɓawon, a niƙa. Ko kuma a tafasa ruwa tukuna, a zuba busasshen waken cikin tafasasshen ruwan kai tsaye, ya yi minti 25 zuwa 30, a murje ɓawon, a shanya, a niƙa. Sirrin ƙarni yana nan: yakan tashi ne in waken ya fashe ya haɗu da ruwan sanyi, ruwan zafi kuwa yana kashe abin tun bai tashi ba. A riƙa niƙa na mako 2 kawai, don yana da mai, in ya daɗe yakan yi ɗaci.

Wannan gari, gwangwani ɗaya a kan gwangwani 4 na garin masara, a tuƙa tuwo. Maigida ba zai ma gane ba, sai dai ya ce yau tuwon ya yi daɗi. Ana kaɗa shi a miyar kuka ko ta kuɓewa, yana kuma maye gurbin agushi a miyar ganye. Awara kuwa ba sai na koya wa matanmu ba, sun fi ni sani. Abu biyu kawai zan ce. A bar madarar ta tafasa sosai kafin a zuba ruwan tsami. Dusar da aka tace kuma ba ta awaki kaɗai ba ce, a zuba ta a miya ko a dambu, akwai sauran amfani a cikinta. Sannan mu daina ganin awara a matsayin abin talla kawai, yarinya ta fita da faranti cike, 'yan gida ko yanka ɗaya ba su gani ba.

Akwai kuma garin kunu da ma'aikatan lafiya ke koyarwa: awo 6 na hatsi, gero ko dawa ko masara, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa, kowanne a soya shi daban, a haɗa a niƙa. Don yara aka fi sanin sa, amma magidanci ya dama da kauri ya sha kafin ya ɗauki fartanya, ya ga bambanci.

Wanda bai noma waken suya ba, farin wake ya tsaya masa. A jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan, zai nuna da wuri, ga sauƙin itace, ga sauƙin kumburi. A rage kanwa, don tana lalata bitamin na rukunin B da ke cikin waken. Ƙwayar farasitamol da wasu ke jefawa a tukunya don nama ko wake ya yi laushi kuwa, a ji tsoron Allah a bari. Hanta da ƙoda ake dafawa.

MALAM, INA MAGANAR SULUSI?

Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini wannan ishkali, kuma tambaya ce mai kyau. Ya ce Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikarib cewa Annabi (SAW) ya yi umarni a raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. To mai huɗa da ke neman kalori 3,000, yaya zai yi da sulusi?

Amsar ita ce, wannan shiriya ta fi amfanar mai huɗa a kan kowa. Dubi yadda muke yi: mutum ya fita da sassafe da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya wuni yana aiki, da daddare ya zauna ya tashi da malmala 4, ya kwanta ciki kamar ganga, Asuba ta gagare shi. Lokacin da jiki ke neman abinci an hana shi, lokacin da yake neman hutu an ɗora masa kaya. Hadisin bai ƙayyade sau nawa za ka ci ba, cika tumbi a zama ɗaya ya hana. Sai ka raba. Karin kumallo mai nauyi kafin fita, ɗumame ne ko kunu da ƙosai. Da hantsi, wajen ƙarfe 10, ƙuli-ƙuli ko soyayyiyar gyaɗa da ka zuba a aljihu. Da rana a kai maka abin da ke da wake ko fura. Da dare malmala 2 da miya mai kyau sun isa. Kuma maimakon ka ƙara girman malmala, ƙara mata daraja: cokalin man gyaɗa ko man shanu a kai, garin waken suya a ciki. Ƙaramin abu mai nauyi, sulusin ya ɗauke shi.

Kason abin sha kuma kada a yi wasa da shi. Mai aiki a rana yana iya zubar da gumi lita guda a awa ɗaya. A Nikaraguwa da El Salbado, dubban masu saran rake sun mutu da ciwon ƙoda, da yawansu matasa ne da ba su da hawan jini ba su da ciwon suga. Masu bincike sun danganta abin sosai da aiki cikin zafi da ƙarancin ruwa kullum-kullum, kuma maganin da aka fi ba da ƙarfi a kai abu uku ne: ruwa, hutu, inuwa. Ka riƙa kurɓa a kai a kai, kada ka jira sai maƙogwaro ya bushe. Ma'auninka fitsarinka ne: in ya yi ja kamar shayi, kuma kaɗan, kana bin jikinka bashin ruwa. Ka tafi da naka ruwan daga gida, kada ka sha na kududdufi, damina ce lokacin amai da gudawa. Jarkar da aka gama maganin feshi kuwa, ko an wanke ta sau 10, ba ta zama ta ruwan sha. Wanda ya yi feshi ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci.

Matasa, ku zo nan. Lemon gwangwanin nan da ake cewa yana ƙara kuzari, suga ne da kafin, irin sinadarin da ke cikin goro. Ba ya gina komai, bulala ce ake yi wa jakin da bai ci ba. Robar lemo mai rabin lita tana ɗauke da suga wajen giram 50, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce a wuni guda. Kuɗinta zai saya maka awara ko ƙuli-ƙulin da zai riƙe ka har Azahar. Tiramadol kuwa da 'yan ƙwadago ke haɗiya don su gama kadada a wuni, ita ta fi muni. Gajiya da ciwo saƙo ne jiki ke aiko maka, ƙwayar ta kashe ɗan saƙon ne kawai, ɓarnar tana nan tana ci. Ƙarshenta kamu ne, da faɗuwa irin ta farfaɗiya. Shan ta ba da umarnin likita ba, don a bugu ko a daina jin jiki, ba sai na faɗa muku hukuncinsa ba.

GANYE, SHAYI DA GISHIRI

Jirin da saurayin nan ke ji, sau da yawa ƙarancin jini ne, jini kuwa yana buƙatar sinadarin ƙarfe. Akwai shi a hanta, nama, busasshen kifi, fara, wake, daddawa da ganye. Alhamdu lillahi, daidai lokacin da hatsi ke ƙaranci Allah yake fito da zogale, rama, tafasa, lalo, yakuwa da alayyafo. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, tumatir da albasa da ɗan mai, wallahi abinci ne na sarakuna, sunan kawai ya yi masa ƙaranci. A dafa ganye da ruwa kaɗan, kada a bar shi ya yi ta tafasa har ya yi baƙi. A sa ɗan mai, don bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. A matsa lemun tsami, ko a ci gwaiba a kai, suna taimaka wa ciki ya tsotsi ƙarfen. Kuka kuma a shanya ta a inuwa.

Shayi yana yin akasin haka. In ka kora abinci da shayi mai kauri, yana riƙe ƙarfen ya hana shi shiga jini. Ban hana ku shayi ba, 'yan majalisa, kada a ce Malam ya taɓa buta. A ba shi tazarar awa ɗaya da abinci.

Gishiri kuwa tukunya ɗaya ce da masu ci iri biyu. Ga saurayin da ya wuni yana gumi, ga Baba mai hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a wuce giram 5 a wuni, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. A rage shi a tukunya, a mayar da daddawa gurbinta. Mai gumi ya ƙara nasa da yaji a kwanonsa.

SU WA KE AIKIN ƘARFI A GIDA?

Tun ɗazu ina ta cewa manomi, manomi. To wadda ta tashi tun Asuba, ta yi surfe, ta ja ruwa a rijiya, ta yi wanki, ta tuƙa tuwon mutum 10, ga goyo a baya tana shayarwa fa? Mai shayarwa kaɗai tana buƙatar ƙarin kalori wajen 500 a kullum, ban da aikin. Amma ita ce ke ci a ƙarshe, ƙanzo da ragowar miya, tsokar da ke tukunya kuma ta tafi kwanon maigida. Shi kuma ya tsaya wajen mai tsire a kan hanya ya gyara bakinsa, ya shigo yana sakace. Ɗan uwa, in kuɗin tsinke 3 ne da kai, sayo busasshen kifi a daka a miya, kowa ya samu.

Mai jego a ba ta kunun gyaɗa, wake, ganye da romo. A sassauta kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka kuma danganta shi da yawan shan kanwa tare da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta.

Yara kuma, ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa a wata 6 na farkon 2025 yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda tamowa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A jihar da ke loda wa ƙasa hatsi. Da damina zabi ke ƙwai, mu kwashe mu kai bakin titi, a ce wai in yaro ya ci ƙwai zai yi sata. Wannan magana ba ta da asali a addini, ba ta da shi a likitanci. Daga wata 6, tare da nonon uwa, a fara ba yaro kunun nan mai haɗi uku, da kauri, da dafaffen ƙwai in ya samu. Wanda ya riga ya rame ko ƙafafunsa suka kumbura, wannan ya wuce kunu, asibiti za a kai shi yau.

AJIYA

Saura yadda buhun zai kai Mayu lafiya. Masara da gyaɗa in ba su bushe sosai ba, ko aka shanya su a ƙasa, suna yin fumfuna mai fitar da guba da ake kira afalatoksin. Wuta ba ta kashe ta, tana cin hanta a hankali, tana tsumburar da yara. A 2004 a ƙasar Kenya mutum 125 suka mutu daga cin irin wannan masara. Mu kuwa al'adarmu mu tsince mai kyau mu kai kasuwa, ruɓaɓɓiyar gyaɗa a yi ƙuli-ƙulin gida da ita. A juya lamarin. A shanya a kan tamfol, a tsince duk ƙwayar da ta canza launi ko ta yi ɗaci a zubar, a ɗora buhu a kan katako nesa da bango.

Wake kuma kada a zuba masa fiya-fiya ko maganin feshi don ƙwari. Saboda irin wannan guba Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015, mu kuwa muna ci. Akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. In wake ya bushe sosai aka ɗaure kowace leda tam, ƙwarin iska suke rasawa su mutu, ba magani ko ɗigo. Jarka ko duro mai murfi da ba a taɓa zuba guba a ciki ba, in an cika shi fal aka toshe, shi ma yana yi.

In kaka ta zo, bayan an fitar da zakka, kafin dillali ya yi sallama, a ware buhun, a rubuta masa "na gida" da gawayi, a shigar da shi ɗakin uwargida. Na ce ɗakinta, don na san mu: in yana zaure, ranar da aka yi bikin abokinka zai bi ɗan kabu-kabu.

Mata masu bibiyarmu, wadda ta san wata hanyar sarrafa waken suya da ban ambata ba, musamman yadda ake daddawarsa, ta rubuto mana a ƙasa don wasu su ƙaru. Darasi na gaba, in Allah ya kai mu, zai duba sahur da buɗe-baki ga masu noman rani.